Mai Ba Kifi Hannu

Shekara talatin da ɗaya babanmu ya yi yana ba motoci hannu a mararraba guda. In ya ɗaga tafinsa, ko tirela ce sai ta ci burki. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya tarar babu mai tsaya masa. Inna ma in ya ɗaga mata hannu, ratse shi take yi da tsintsiyarta ta wuce. Wata uku ya yi a kujerar roba yana ramewa, ba um ba um-um, wallahi har tsoro ya kama ni.

Likita ya ce a samo masa abin yi. Shi ne ya tone tsakar gida, daidai inda Inna ke shanya, ya kira magini aka yi kududdufin siminti. Aka cika shi da ruwa, aka sa bado da kainuwa, ya sayo jajayen kifaye goma sha biyu a leda.

Ana sakinsu ya tsaya yana kallo, sai fuskarsa ta canza.

"Kai! Wannan wane irin tuƙi ne? Dubi wancan, ya shiga hannun da ba nasa ba!"

Mai hali dai ba ya fasa halinsa. Ya sa aka kwashe ruwan, ya ja farin layi da fenti a ƙasa, ya tara duwatsu a tsakiya ya ɗora tukunyar bado, wai shataletale ne, sannan aka mayar da ruwan da kifayen. Ya ciro usur ɗinsa da farar safar hannu. Tun da sassafe yana bakin ruwa a tsaye. Kifin da ya yi laifi, a kamo shi da rariyar Inna ya yi awa guda a bokiti. Wani kwaɗo da ya faɗo ciki kuwa, korarsa aka yi saboda ba shi da takardu.

"Malam, kifi fa ba ya jin usur," in ji Inna.

"Haka aka ce min a kan direbobi ma."

Ko sau ɗaya kifayen nan ba su bi doka ba, amma Baba ya murmure. Kwano biyu yake tashi da shi, yana faɗa, yana dariya, muryarsa ta dawo har maƙwabta na leƙowa ta katanga.

Sai yayanmu ya zo hutu. Injiniya ne, irin mutanen nan da ba sa ganin abu su ƙyale shi. Ya ce tsoho na shan wahala a rana. Ni ma, don rashin hankali, na goya masa baya. Baba na fita aski, Yaya ya saka injin da ke juya ruwa. Nan take kifayen suka jeru suna zagaya shataletalen bi da bi, babu mai shan gaban wani.

Da Baba ya dawo muka tarbe shi da tafi.

"Baba, ga shi nan, an gama!" in ji Yaya. "Yanzu sai ka huta."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Ya fara ɗaga hannu, ya duba ko akwai mai laifi, babu, ya sauke. Sannan ya juya wajen Yaya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman alfarma.

"Ɗan nan, kashe shi don Allah. In sun iya da kansu, ni me zan tashi in yi da safe?"