Hutun Jinyar Suwaiba

Garzali mutumin Haɗeja ne, mai gadi a wani babban kanti da ke unguwar Mesaimeer a Doha. Aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa cikin kaki, ya gaida mai shiga, ya leƙa jakar mai fita. Kafin ya zo Doha tela ne, har yanzu ma in maɓallin wani ya cire a ɗakinsu na haya a Fereej Abdel Aziz, shi ake miƙa wa rigar. Bai taɓa makara ba, bai taɓa kai ƙorafi ba. Kamfani na ƙaunar irin waɗannan mutane, shi ya sa bai riƙe sunansa ba.

Kamfanin gadin yana da tausayi, a rubuce ma. Ma'aikaci na iya tafiya jinyar iyalinsa ba albashi, sau ɗaya tak a kwantiragi, muddin ciwon ya yi tsanani. Da ciwon ƙoda ya kwantar da matarsa Suwaiba, Garzali ya sami ogansu, Rashad.

"Me mutanen gida suka ce?" in ji Rashad.

Garzali bai iya ƙarya ba. "Sun ce da sauƙi."

"To alhamdulillah! Khalas, shi ke nan. Adana hutunka sai ranar buƙata."

Ba mugunta Rashad ya yi ba. Bai dai san cewa a Haɗeja ba a taɓa yin majinyacin da jikinsa ba sauƙi ba, musamman in mai tambayar yana ƙasar waje. Ba a tayar wa matafiyi hankali.

Garzali ya san haka, amma ya ji tsoron ya tafi yanzu, jiki ya rikice bayan ya dawo, ga shi ba sauran hutu. Sai ya zauna jiran wani ya furta masa cewa ciwon ya yi tsanani. Yayansa Ɗantala kullum cewa yake, "Da sauƙi sosai, jiya har kunu ta sha." Ita ma Suwaiba haka.

"Baban Haulat, kai dai yi aikinka. In ka zo me za ka yi mini, ɗinki?"

Ta yi dariya, tari ya katse ta. Daga baya ta daina ɗaukar kiran bidiyo, wai kyamarar wayar ta lalace.

Wata Talata da hantsi Ɗantala ya kira. Ya tambayi aiki, ya tambayi zafin Doha, sannan ya ce, "Jikin Suwaiba ya ɗan yi tsanani. In da hali ka taho."

A bayan muryarsa Garzali yana jin maza suna ta sallama a ƙofar gida. Ɗan gari ne, ya san ranar da ake faɗin wannan magana.

"Yaya, an kai ta?"

Ɗantala ya ce, "Yanzu muka dawo. Haulat na wurin Inna."

Hutun rasuwa a kamfanin bai isa a je Haɗeja a dawo ba, balle a zauna da marainiya. Garzali ya wanke fuska, ya gyara hula, ya shiga ofis. Bai yi ƙarya ba, abin da aka fara gaya masa ya maimaita.

"Sun ce ya yi tsanani."

Nan take Rashad ya amince da hutun jinyar, har ya dafa masa kafaɗa. "Yalla, je ka kula da ita. Ka gaishe ta."

"Za ta ji," in ji Garzali.

Ya koma bakin ƙofa, don mai canzarsa sai la'asar.