Ragon Firji a Abakpa

Shekarar da albashina na gidan rediyo ya daina kai mu ƙarshen wata, na sayi ɗan rago na ɗaure a bayan gidanmu na haya a Abakpa. Wata huɗu ni da maiɗakina muna ba shi dusa da harawa, muna fatan ribarsa ta saya mana firji. Ana jibi Babbar Sallah na kai shi kasuwa. Wani dattijo ya taya da arha, na ce albarka. Jin muryata sai ya washe baki: "Malam, ashe kai ne mai karanta mana labarai!" Kunya ta kama ni, na sallama masa. Ruwan randa muka ci gaba da sha, kuma har yau ina kewar ragon.