Ranar da sandar Ciyaman ta fi ta kowa tsawo

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na haska wa ƙungiyar layinmu zane a bango.

A lokacin ni ce sakatariyar ƙungiyar tsabta ta layinmu a Nima. Duk Asabar ɗin farkon wata muna fitowa mu yashe gota, ni kuma in rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba a littafi. A kowane taro sai in miƙe in karanto sunaye, mutane na hamma, wasu na danna waya. Ana nan sai na shiga koyon kwamfuta a wani shago a unguwar Circle, aka nuna mana yadda ake mayar da lambobin jadawali su zama zanen sanduna. Kaina ya kumbura. Na zauna na zana wa kowa sandarsa, gwargwadon yawan Asabar ɗin da ya tsallake. Na zaɓi launi ja mai kyau, amma don ɗoki na manta ban rubuta wa zanen take ba.

Bayan la'asar muka taru a ajin makarantar allo, da majigin da na aro. Zane ya fito a bango. Sanduna gajeru-gajeru, sai guda ɗaya da ta miƙe kamar hasumiyar masallaci, da sunan Ciyaman a ƙasanta.

Ciyaman ɗinmu wani Alhaji ne mai shagon tayoyi, abokin mahaifina. Kafin in buɗe baki ya miƙe yana gyara babbar riga.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Jama'a kun gani da idonku. Mutum na iya son kai, amma kwamfuta ba ta ƙarya."

Aka tafa. Ya je ya tsaya jikin bango, ya ɗora yatsa a kan sandarsa, ya ce a ɗauke shi hoto. Nan take aka tura wa 'yan layinmu har na ƙasashen waje. Ni kuwa na yanke shawarar in yi shiru, kuma da an bar ni da har yau ban ce komai ba.

Sai Hajiya mai wake da shinkafa ta bakin titi ta taso, hannu a ƙugu. Matar nan ba ta taɓa tsallake shara ba, saboda haka wurin sunanta fayau yake.

"Ke sakatariya, ina nawa sanda? Ni da nake shiga gota har gwiwa, kin share ni?"

"Hajiya, ba a share ki ba."

"To ina yake?"

Na ce, "Zanen na waɗanda ba sa zuwa ne. Mai doguwar sanda shi ya fi kowa fashi."

Wani daga baya ya ce "Ei!" dariya ta ɓarke. Alhaji ya sauke yatsarsa a hankali. Bai ko kalle ni ba. Ya ce ai kwamfuta Bature ya ƙera ta, ba ta san aikin shugabanci ba, kuma wannan jan launi da aka shafa masa akwai siyasa a ciki. A nan aka kafa kwamitin mutum biyar don binciken zanen, shi ne shugaban kwamitin. Ni kuma aka yi min ƙarin girma zuwa mai ba da shawara, aka karɓe littafi. Da na isa gida mahaifina ya riga ya ji, ya tura ni in ba Alhaji haƙuri, na je na durƙusa.

Asabar ɗin farkon wata na gaba sai ga Alhaji da takalmin roba sabo fil da shebur. Ya kwashi laka sau uku, ya tsaya a ɗauke shi hoto. Amma dai ya zo, kuma har ya sauka daga kujerar bai sake fashi ba.

Abin da na koya shi ne mutane za su jure ka karanta musu laifinsu shekara guda suna gyangyaɗi, amma ranar da ka zana shi a bango kowa zai farka. Don haka in za ka zana, rubuta take tukuna, sannan ka nuna wa babba a ɗaki kafin ka nuna wa jama'a.