Ashe haka Zara take?



Jiya bayan magariba Yaya Kabir ya kafa madubin hangen nesansa a barandar gidansa a Nyanya, ya ce in zo in ga takwarar jaririyarsa. Sunan Mama za a sa mata, tunda kuwa ba mai iya kiran sunan, ni aka ba zaɓen laƙabi. Na ce Zara. A littattafan da nake karantawa, duk budurwar da aka kwatanta da Zara ta gama haɗuwa.

Na leƙa, na ga wani abu fari fat kamar jinjirin wata. Na ce a hankali, "Yaya, wallahi ta fi yadda ake faɗa kyau."

Ya yi dariya. "Auta, ai ba tauraruwa ba ce, duniya ce kamar tamu. Hasken nan gajimaren asid ne rana ke haskawa. An taɓa aika na'urori suka sauka a kanta, suka turo hoto, duwatsu ne zalla. Ba su jima ba zafi ya kashe su. Ko darma kika ajiye narkewa za ta yi."

"Innalillahi! Kuma ka bar ni na sanar wa dangi?"

"To ni na aike ki?"

Jibi suna, Anti matar Yaya har ta sa an rubuta Zara a jikin kofunan rabo. Ni dai na kasa kallon 'yar nan in kira ta. Don Allah ku faɗa min, in yi shiru ko in je in sami Anti?