Itatuwan Baffa Isiyaku da gafarar da na hana

Shekara tara ke nan da rasuwar baffana, Malam Isiyaku, wanda ya kafa makarantar firamare ta garinmu, Gambawa, kuma ya riƙe ni tun ina ƙarami. Daga Riyad nake wannan rubutu, inda nake tuƙa tankar ruwa. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, sauran a hanya na tsinta. Na zauna da niyyar yabo kawai, sai na tarar abin da ke cikina har da ƙullaci, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Gambawa fili ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Ciyawa ce iya ganinka, ba tudu, ba dutse, ba itacen kirki. In hadari ya taso da iska, babu abin da zai tare ta. Baffa ya fara koyarwa a rumfar zana, iska ta ɗauke. Gari ya taru aka gina aji biyu na ƙasa aka rufa kwano, iska ta yaye kwanon ta kai shi gonar liman. Daga nan Baffa ya ce makaranta katanga take so, kuma tunda ba halin bulo, da itace za a yi ta.

Duk yaron da ya shiga aji ɗaya, sai a ba shi dashen darbejiya. Shi zai haƙa rami, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, kullum da safe ya zo da ruwa a gwangwani. Baffa ba ya fara kiran suna sai ya zagaya ya duba gindin itatuwa. In naka a bushe yake, ba ka zo makaranta ba, ko da kana zaune a gabansa. Itacen kuma sunan mai shi yake ci. Za ka ji ana cewa mu haɗu a gindin Hajara, ko an ɗaure jaki a jikin Musa Gajere. Wadda aka kai aure wani gari, in ta zo ganin gida sai ta biya ta ga nata. In yaro ya rasu, 'yan ajinsu su karɓi ban ruwan, uwarsa kuma ta samu inda za ta zauna. Kafin mu girma, kwano ya daina tashi.

Ni na gudu na bi motocin kaya, na bar nawa. Baffa ne ya ci gaba da ba shi ruwa, yana ce wa yara mai shi ya yi tafiya ne.

Kusa da nawa akwai na Ɗanjuma, abokin zamana a benci. Shi ya yi karatu har ya zama kansila. Da aka kawo kwalta ta gaban makaranta, sai ya ce an ba shi izinin jera shaguna a bakin hanya. Lokacin Baffa ya yi ritaya. Shi da mutanensa suka jira aka yi hutu, suka zo da injin yankan itace. Baffa ya fito da sandarsa ya tsaya a gabansu. Ɗanjuma ya ce, "Malam, zamani ya wuce inuwa, kasuwa ake nema." Ya sa samari suka kama hannun tsoho suka ja shi gefe. Itacen ya tafi gidajen burodi, har da wanda Ɗanjuman kansa ya dasa.

Ranar Baffa ya kira ni. Ina kan aiki, mudir, wato shugabanmu na aiki, yana daka mini tsawa in tashi mota. Na ce, "Baffa, itace ne fa, wani zai fito." Ya ce, "Haka ne, Habu. Allah ya yi maka albarka." Bai sake tayar mini da maganar ba. Damina na faɗuwa iska ta yaye aji biyu, kafin a yi girbi kuma Baffa ya rasu. Ban ce Ɗanjuma ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma an faɗa mini daga ranar nan bai sake bin hanyar makaranta ba, sai ya zagaya ta bayan gari in za shi masallaci.

Yau aikina shi ne ban ruwan itatuwan bakin titi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Nakan tsaya da tiyo a hannu in ce, da Baffa zai ga wannan me zai ce? Ƙasar da ba ta da damina tana dasa itace cikin rairayi, mu da Allah ya ba ruwan sama muna sarewa. Na san kuma sai ya yi mini dariya, Habun da ya guje wa gwangwani ɗaya ga shi da tanka guda. Abin da ba na son ya gani shi ne hoton da ƙanwata ta turo mini: yaran makarantar da tsakar rana, sun manne da bayan shagunan Ɗanjuma suna rabon inuwar da ba ta kai faɗin tabarma ba.

Juma'ar da ta wuce, mun dawo daga masallaci muna cin abinci a ɗakinmu na unguwar Jaradiya, ni da Laminu mutumin Maraɗi, sai waya ta shigo. Ɗanjuma ne. Ya samu kujerar Hajji bana, kuma yadda aka saba a wajenmu, maniyyaci yakan bi gida gida yana neman gafara kafin ya tashi. Ya je wurin Inna, matar Baffa. Ta ce nata ta yafe, na Malam kuwa ya tambayi Habu.

"Habu, abokina, kwana biyu," in ji shi. "Ga ni nan zuwa ƙasarku. Abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, a yafe."

Na ce, "Wanne ne ba ka sani ba, Ɗanjuma?"

Ya yi dariya. "Haba Habu, har yanzu? Itace ne fa."

Maganata ce, ita ce dai na faɗa wa Baffa. Na ji ta daga bakinsa kamar an mare ni. Na ce, "Ban yafe ba."

Laminu ya tsame hannu daga kwano. Da na ajiye waya ya ce, "Kai ɗan uwa, baƙon Allah ne fa. Wa ya ba ka makullin gafara ajiya? Kai da ko sallar Asuba sai na ja ƙafarka!"

Gaskiya ya faɗa. Kullum ina roƙon Allah ya yafe mini abin da ya fi wannan, ga shi na hana wani. Da Baffa ne, kafin Ɗanjuma ya rufe baki ya yafe. Ni ban kai shi ba, kuma ina neman gafarar Allah a kan taurin zuciyata. Amma har yanzu ba ta sauka ba.

Na sake kiransa na faɗa masa sharaɗina. Ya kewaye makarantar da dashe, da hannunsa, ban da 'yan ƙwadago. Ya riƙa zuwa da safe da ruwa yadda aka koya mana. Ranar da yaro ya zauna a inuwar, na yafe. Ramin farko ni zan haƙa in na zo hutu, don ni ma ana bina bashi. Ya ce jirgi ba zai jira itace ya girma ba. Na ce ni zan jira.

Me ya rage na Baffa? Ba hotonsa a makarantar, ba sunansa a allon ƙofa. Amma har gobe in ka tambayi mai cajin waya a Gambawa, za a ce maka yana gindin Hajara, mai niƙa kuma yana jikin Musa Gajere. Masu hayar Ɗanjuma da sunayen itatuwan da ya sare suke kwatancen shagunansu.

Ɗanjuma zai zo Hajjin nan, ba zan iya hana shi ba. Na taɓa tsayuwar Arfa, na san zafin wurin, na kuma san itacen da aka dasa a filin: darbejiya ce, irin tamu. Rana za ta kore shi ya nemi gindin ɗaya, wadda wani ya dasa, wani ya yi ta ba ta ruwa. Ba na roƙon Allah ya hana shi. Ina roƙon ya ba shi mai duhun inuwa, ya zauna ya ji sanyinta sosai, ya shaƙi ƙanshin ganyen. Sa'an nan ya ɗaga hannu, in ya iya, ya faɗa wa Ubangiji cewa itace ne fa.