Tabarmar Baba

Baba ya tafi ci-rani bayan kakar shekarar da aka yi mini kaciya, bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba, ba mu ji labari ba.

Kafin tafiyarsa, ni da shi muna cikin 'yan wasan kwaikwayo na Mushe Habu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Matameye. Ni ban shiga lakwal ba, awaki nake kiwo, amma da la'asar in na ɗaure su na zuba musu harawa, sai in ruga bayan gidan Mushe, gindin wata tsamiya, inda ake koyon wasa. Shi ke zaɓen labari, shi ke raba wa kowa matsayinsa, shi ke cewa wannan riga ta yi, waccan a cire. Yawancinmu ba mu iya karatu ba, da baki yake ba kowa maganarsa. Dokarsa ɗaya ce: "Wanda na ba matsayi, nasa ne sai ya zo da ƙafarsa ya ce ya ajiye." A wasanmu Baba ne uba, ni ne ɗa. Yana zaune kan tabarma, in durƙusa in ce, "Baba, rumbu ya ƙare," shi kuma ya ba ni amsa.

Da damina ta faɗi, mazan gari suka dawo ban da shi. Aka gayyace mu wasa Kurni. Kawu Sale, ƙanen Baba, ya ce a ba shi matsayin uban, ai ya haddace maganar. A gida ma an fara zancen raba gonarmu.

"Mushe, a yi wasa ba uba?" in ji Kawu.

"Yayanka Ilu ya zo ya ce maka ya ajiye?"



A Kurni aka shimfiɗa tabarmar ba kowa a kanta. Mushe ya ce mini, "Lawali, faɗi taka, ka jira kamar yana amsawa." Na durƙusa na ce, "Baba, rumbu ya ƙare." Na jira. Da fari an yi dariya, daga baya aka daina. Wata tsohuwa ta ja gyale ta rufe fuska. Ashe kusan kowane gida a garin akwai irin tabarmar nan.

An raba gonar. Tabarmar ce kawai ba a ba kowa ba, har Mushe ya rasu. Na ji an sare tsamiyar, yara kuma a waya suke kallo yanzu.

Ina Legas, ina tura kurar ruwa. Ban je na ajiye nawa matsayin ba.