Akori-kurar da Na Ƙi Sayarwa a Fatakwal

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Yanzu ni tsoho ne, gwiwa ta ƙi, ido ma sai da tabarau, amma a shekarar da aka yi rikicin da ya jawo yaƙin basasa matashi ne ni mai ji da kansa, ina sayar da albasa da busasshen barkono a kasuwar Mile One, cikin Fatakwal. Ina da mata mai tsohon ciki, cikinta na fari. Ina kuma da wata akori-kura ta hannu da na saya a gwanjon wani kamfani, bayan na daɗe ina matse bakin aljihu. Ko tuƙi ban iya ba, direba na ɗauka, wani Ibo, amma kullum da safe ni ke wanke ta da hannuna, har matata tana tsokanata wai da ita da motar ba ta san wa na biya wa sadaki ba.

Duk ɗan Arewa da ya sauka a unguwarmu ta Diobu a zamanin yana da mai gida, wato dattijon da ya ba shi masauki, yake kuma tsaya masa a ciniki. Nawa mutum ne mai farin gemu, carbi ba ya barin hannunsa, Baba nake ce masa. A ƙa'idar kasuwarmu, in ka danƙa wa mai gidanka kaya ya sayar maka, to bakinka ya fita. Ko mai saye ya tare ka a hanya, wurinsa za ka tura shi, shi zai ce albarka in farashi bai yi ba, shi zai sallama in ya yi, ya cire la'adarsa. Wanda ya zagaye mai gidansa kuwa, ba mai sake yarda da shi.

Da jiragen ƙasa suka fara sauke Ibo daga Arewa, wasu da raunuka, wasu da labarin waɗanda aka kashe musu, gari ya canza mana. Direbana ya kawo mini makulli ya ce ƙanensa bai dawo daga Arewa ba, ba zai iya ci gaba da yi mini aiki ba, ban kuma ga laifinsa ba. Sai aka ce duk wanda ba ɗan yankin ba ne ya tattara ya tafi. Na garzaya wurin Baba. Ya ce kada ma in yi tunanin fita da mota, duk motar ɗan Arewa ƙwace ta ake yi a shingen hanya, in bar ta a hannunsa ya samo mini mai saye na mutunci. Na durƙusa na miƙa masa makulli da takardu, ina ta godiya.

Washegari makanikin da ke gyara mini ita, shi ma Ibo ne, ya same ni a rumfa. Ya ce zai saya, kuɗi hannu, amma abin da yake da shi bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da na biya ba. Ya ce da Turancinsa na kasuwa in karɓa in sa madam a jirgi tun ana samun wuri. Raina ya ɓaci, na ɗauka so yake ya ci da gumina don ya ga muna cikin tsoro. Na ce masa mota tana hannun mai gidana, ya je can. Ya je, Baba ya ce albarka. Ya ƙara wani abu ya koma, Baba ya sake cewa albarka, ya kuma aiko mini cewa akwai wani ɗan kasuwa daga Anaca da zai biya kuɗina cif, in ƙara haƙuri kaɗan.

A cikin kwanakin nan ne gwaggon matata, wadda ita ce ungozomar unguwarmu, ta zo ta ce jirgi zai tashi da mata da yara, in ba ta 'yarta su tafi. Na hana. Wallahi har yau in na tuna dalilin da na ba ta sai in ji ƙyamar kaina. Cewa na yi ba zan tura matata gida hannu rabbana ba, ɗan fari ne, sai na karɓi kuɗin mota mu tafi tare in sayi ragon suna wanda garinmu zai daɗe yana labari. Gwaggo ta dube ni, ta ce Allah ya sa mu ga sunan, ta ɗauki ƙunshinta ta wuce.

Mutumin Anaca bai zo ba, domin dama babu shi. Albasa ta ruɓe a rumfa, unguwa ta watse, makanikin ya daina biyowa ta layinmu don kada 'yan uwansa su sa masa ido. Labari ya zo cewa hanyar jirgi ta Inugu ta yi haɗari. A ranar ne Baba ya kira ni, yana jan carbi yana girgiza kai, ya ce kasuwa ta faɗi, amma ya samu wani bawan Allah da ba ya son a ambace shi, zai taimaka ya karɓi motar. Abin da ya zuba mini a hannu ko kuɗin tayoyinta bai kai ba. A cikin wannan ɗin ma sai da ya cire la'adarsa, ya ce ƙa'ida ce. Sannan ya yi mini albishir cewa ya shirya wata mota da za ta fitar da mutane ta Anaca, a haye gada zuwa Asaba, in ina so ya ajiye mana wuri biyu.

Da muka isa bayan gidansa da kayanmu, motata ce a tsaye. Ga direba ɗan kudancin Zariya mai jin Ibo kamar a can aka haife shi, ga wani ɗan sanda a gaba da aka biya ya raka mu, ga Baba a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin kowa. Ashe wannan ne sawu na uku da ta yi. Na miƙa wa Baba rabin abin da ya ba ni a matsayin kuɗin wurinmu biyu, ya ƙirga a gabana, ya ce in riƙe yarinyar nan da kyau hanya akwai gargada. Aka cusa mu a baya, matata mai cikin wata tara tana zaune kan buhu, gwiwar wani ƙato a cikinta. Kowane shinge muka zo, ɗan sandan ya yi magana mu wuce, ba wanda ya ƙwace komai.

Naƙuda ta kama ta tun kafin Anaca, direba ya ce ba zai tsaya ba sai mun haye ruwa. A gefen titi bayan Asaba ta haihu, mata suka kare ta da zannuwa, babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa karɓar haihuwa. Namiji ne, bai zo da rai ba. Da hannuna na haƙa masa rami da wani ƙarfen taya na cikin motar. Matata ta rayu, mun samu wasu 'ya'yan, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai ba ta sake yi mini wasan sadakin nan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Baba ya dawo Arewa da motar, ya sake mata fenti, a cikinta ya zo yi mana jaje. Mutane suka taso suna gaishe shi, suna sa masa albarka a kan shi ya fitar da su daga Gabas. Ni ma na durƙusa na gaishe shi, domin haka aka tarbiyyantar da mu.

Don haka nake jan kunnen masu karatu. In gari ya rikice, kada ka tsaya jayayya da faɗuwa, karɓi abin da ya samu ka fitar da iyalinka. Kada kunyar babba ta hana ka tambayar wane ne mai sayen da aka ce yana tafe, kuma kada ka auna amanar mutum da yarensa ko da gemunsa. Wanda na ɗauka macuci shi ya ce in sa matata a jirgi. Na ƙi faɗuwar kashi ɗaya cikin uku saboda ragon suna, na ƙare da binne yaron da ko suna ba a raɗa masa ba.